Kyamarar aljihu ta farko: dogon zuƙe, babbar sensa, ko dai wayarka ta isa?

Duk wanda ya zo mini da maganar yana son sayen ƙaramar kyamara, ba na fara masa da sunan kamfani. Cewa nake ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotuna biyar da suka ɓata masa rai, waɗanda ya ɗauka da ɗoki suka fito a lalace. Wani zai nuna maka tsuntsu a kan reshe, ya fito kamar ɗigon tawada a tsakiyar ganye. Wani zai nuna ɗansa yana tsalle a ɗaki da daddare, hannu da fuska duk sun narke sun yi dishi-dishi. Wani kuma ba shi ma da hoton da zai nuna, domin ranar da ya so ɗauka ruwa ake tsugawa, bai yarda ya fito da wayar daga aljihu ba. Mutum ukun nan kyamara uku daban-daban suke nema, kuma wadda za ta share wa ɗaya hawaye ita ce za ta jefa ɗayan cikin da-na-sani.

Abin da ake kira ƙaramar kyamara, ko kyamarar aljihu, ita ce wadda gilashinta yake manne da jikinta, ba a kwancewa a sa wani. A babbar kyamara, idan gilashi bai yi maka ba sai ka canza shi. A nan kuwa sai dai ka canza kyamarar ɗungurungum. Shi ya sa zaɓen farko yake da nauyi.

A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya, kuma akasarinsu ƙananan nan ne. Daga nan waya ta kwashe kasuwar. Waɗanda suka rage sun rage ne saboda kowacce tana yin wani abu guda da waya ba ta iyawa. Aikinka shi ne ka gane wanne daga cikin waɗannan abubuwan kake ƙishi.

Sensa da zuƙe ba sa shan inuwa ɗaya

A bayan gilashin kowace kyamara akwai ɗan faifan da haske ke sauka a kansa, shi ake kira sensa. Ka ɗauke ta kamar mazubin da aka ajiye a waje ana ruwan sama. Idan mamako ake, ko ƙaramin kofi zai cika. Idan yayyafi ne, sai mai faɗin baki yake tara abin kirki. Da rana tsaka haske mamako ne, kowace kyamara za ta ba ka hoto mai kyau. Da yamma ta yi, ko ka shiga ɗaki, sai ya koma yayyafi, a nan ake gane mai faɗi da marar faɗi.

Girma uku za ka riƙa cin karo da su. Akwai wadda ake rubutawa 1/2.3, tsawonta milimita 6 da ɗoriya ne, faɗinta kuma wajen 4 da rabi, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Akwai wadda ake kira mai inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wato ta ninka ta farko kusan sau 4 a fili. Sunan yana ruɗin mutane, domin ba ta kai inci ɗaya ta kowane gefe ba; gadon suna ne daga zamanin tsofaffin kyamarorin talabijin. Sai kuma APS-C, wajen milimita 23.5 da 15.6, wadda ta ninka mai inci ɗaya fiye da sau 3, ta ninka ƙaramar can kusan sau 13.

To me zai hana kowa ya sayi mafi girma a huta? Gilashi ne. Duk yadda sensa ta ƙara faɗi, gilashin da zai cika ta da haske sai ya ƙara girma, kuma idan ana son ya zuƙo abu daga nesa sai ya ƙara tsawo. Dubi Canon PowerShot SX740 HS. An ce tana zuƙe daga 24 zuwa 960 (milimita ne a ma'aunin babbar kyamara: ƙaramar lamba tana ɗaukar faɗi, babba tana janyo nesa), amma ainihin gilashin da ke cikinta daga milimita 4.3 ne zuwa 172. Ƙanƙantar sensar ce ta sa ɗan gilashin nan yake ganin abin da a babbar kyamara sai an ɗauko gilashi mai tsawon damtse. Da za a sa mata babbar sensa, da ba ta shiga aljihu ba. Saboda haka duk ƙaramar kyamarar da ka gani, an riga an yi ciniki a cikinta kafin ta iso hannunka: ko an ba ka nisa an rage maka haske, ko an ba ka haske an rage maka nisa. Ba a gudu ana susar takashi.

Abu na biyu da ke tafiya tare da sensa shi ne faɗin kafar da haske ke bi ta cikin gilashin. Ana rubuta shi da harafin f da lamba, kuma lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce kafa mai faɗi. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske fiye da sau 3 na mai f/3.3. Idan ka haɗa wannan da bambancin sensa, kyamara mai inci ɗaya da f/1.8 tana tara haske fiye da ninki 10 na wadda ke da ƙaramar sensa da f/3.3, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya. Kuma ka lura lambobi biyu ake rubutawa a bakin gilashin, misali 3.3-6.9. Ta farko idan ba ka zuƙe ba ce, ta biyu idan ka zuƙe har ƙarshe. Wato daidai lokacin da kake janyo abu daga nesa, lokacin ne kafar take ƙara tsukewa.

Kyamarata ta farko mai dogon zuƙe ce. Daren da na kawo ta gida na ɗauki mutanen da ke zaune a ɗaki, da na buɗe hoton a kwamfuta sai na ga fuskokin kamar an watsa musu yashi. Raina ya ɓaci sosai. Washegari da hantsi na hango tsuntsu a kan wayar lantarki can nesa, na jingina da bango na zuƙo shi, sai ga gashin wuyansa ɗaya bayan ɗaya, har da hasken rana a ƙwayar idonsa. Kyamarar ba ta canza ba tsakanin dare da safiya. Ni ne ban san aikin da aka ƙera ta dominsa ba.

Maganar megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, gajeriya ce. Hoton da za a wanke a girman takardar A4 da kyau yana buƙatar wajen megafiksel 9. Talabijin mai 4K megafiksel 8 da ɗan kai yake nunawa. Kusan duk kyamarorin da zan ambata suna da 20 ko fiye, akwai mai 16 da mai 12, su ma sun wadatar. Kada wannan lambar ta yanke maka hukunci.

Masu dogon zuƙe

A wannan rukuni akwai SX740 HS ɗin da na ambata, wadda ta fito a 2018 da zuƙe sau 40, da kuma wasu daga jerin Panasonic Lumix TZ, waɗanda a Amurka ake kira ZS, masu zuƙe sau 30, daga 24 zuwa 720. Lambar "sau 30" ɗin ba wani sirri ba ce, 720 aka raba da 24. Nauyinsu wajen giram 300 ne, suna shiga aljihun riga.

Abin da suke yi babu wayar da ke yinsa yadda ya kamata. Waya tana da gilashi biyu ko uku tsayayyu, abin da ya wuce su yanke hoton take ta buɗa shi, sannan ta cike giɓin da ƙiyasi. Wannan kuwa gilashin ne da kansa yake motsi ya janyo abin. Tsuntsu, dabba a daji, ɗan wasa a can tsakiyar fili, zanen da ke saman dogon gini, wata idan ya cika, duk nasu ne.

Sharaɗinsu rana. Da magariba ta gabato suna fara rauni, kuma a ɗaki wayar zamani mai kyau takan doke su, domin sensar babban gilashin wayoyi da yawa yanzu ta fi 1/2.3 girma, ga shi waya tana ɗaukar hotuna da dama a ƙiftawar ido ta haɗe su wuri guda ta goge yashin. Sai kuma rawar hannu. A zuƙe 720, ɗan numfashinka ma yana kaɗa hoton. Akwai na'urar daidaita rawa a cikinsu kuma tana taimakawa ƙwarai, amma rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da tsuntsun da ya tashi.

Za ka ga wasu masu siffar babbar kyamara, irin Nikon Coolpix P1000 mai zuƙe sau 125, har 3000. Ita ma ƙaramar sensar nan ce a cikinta, kuma nauyinta ya kai kilo 1.4. Ga mai bin tsuntsaye abin so ce, amma ta fita daga zancen aljihu.

Masu inci ɗaya

A nan zan daɗe, domin nan ne nake tura mafi yawan masu farawa. Sony ce ta buɗe wannan babi a 2012 da RX100, lokacin da ta cusa sensa mai inci ɗaya a jikin da bai fi tafin hannu ba. Daga baya Canon ta shigo da jerin G7 X, Panasonic ma ta fito da nata.

Cikin gidan nan ma akwai rabuwar hanya, kuma mutane da yawa suna ɓata a wurin, domin suna zaton sabuwar lamba ita ce mafi kyau a komai. RX100 ta uku, wadda ta fito a 2014, da ta huɗu da ta biyar, gilashinsu daga 24 ne zuwa 70, kafarsa f/1.8 zuwa f/2.8. Gajeren zuƙe, haske mai yawa. Daga ta shida a 2018 da ta bakwai a 2019 sai aka miƙa zuƙen zuwa 200, kafar kuma ta koma f/2.8 zuwa f/4.5. An ƙara nisa, an rage haske fiye da rabi. Wanda yawancin hotunansa a cikin gida ne ko da yamma, tsohuwar za ta fi yi masa daɗi. Wanda matafiyi ne, yana son kyamara ɗaya da za ta ɗauki faɗin gari ta kuma zuƙo fuskar mutum daga tsallaken titi, ta bakwai ce tasa, ga ta da saurin kama ido da bin abu mai motsi wanda a ƙananan kyamarori ba ta da na biyu a ganina.

Canon G7 X Mark II ta 2016 da Mark III ta 2019 sun tsaya a tsakiya: daga 24 zuwa 100, f/1.8 zuwa f/2.8. Wannan haɗin shi ya fi kwanta mini a rai ga mai ɗaukar mutane, domin a 100 fuska tana fitowa a siffarta, hanci bai kumbura ba kamar yadda yake yi idan ka matso da waya kusa, kuma bayan mutum yana yin laushi ba tare da an yanko shi da dabarar kwamfuta ba. Allonsu yana ɗagowa sama ya fuskance ka. Mark III tana da bidiyon 4K da kafar makirfo, Mark II ba ta da ko ɗaya. Rauninsu biyu ne: ba su da tagar leƙe, kuma wajen bin abu mai gudu ba su kai Sony ba.

Tagar leƙen nan kada ka raina ta. Ɗan gilashi ne da kake manna idonka a kai ka ga abin da za ka ɗauka. Idan rana ta take, allon baya yakan zama kamar madubi, fuskarka kawai kake gani, kana ɗaukar hoto da ka. RX100 daga ta uku zuwa sama suna da tagar da ke ɓullowa daga saman jikin. Ƙarama ce, amma ranar da ka tsaya a fili da azahar za ka san darajarta. Manna kyamara a fuska kuma yana rage rawar hannu.

Ga wanda bidiyo ne a gabansa, Sony ZV-1 ta 2020 tana da gilashin nan mai haske na 24 zuwa 70, da allon da ke buɗewa gefe ya juyo, da makirfo mai kyau a samanta. An cire mata tagar leƙe da filasha. Idan magana kake yi a gaban kyamara, ba za ka yi kewarsu ba. Idan hoto ne ya fi yawa a aikinka, za ka yi.

Akwai kuma mai son cin biyu, Panasonic TZ200: inci ɗaya, zuƙe sau 15 daga 24 zuwa 360, amma kafarta f/3.3 zuwa f/6.4. Da rana ta fi masu ƙaramar sensa tsaftar hoto, da daddare ba ta kai G7 X ba. Ga matafiyin rana zaɓi ce mai ma'ana.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: idan wayarka daga cikin manyan wayoyin 'yan shekarun nan take, a hoton faɗi da rana bambancin da za ka gani a kan allon waya kaɗan ne. Wasu wayoyin ma, tun daga irin Xiaomi 12S Ultra ta 2022, suna da sensa mai inci ɗaya. Inda kyamarar ke nuna kanta shi ne daga zuƙe 50 zuwa sama, da launin fata da ba a goge shi ya koma kamar roba ba, da filasha ta ainihi, da kuma ikon da take ba yatsunka.

Masu APS-C marasa zuƙe

Ricoh GR III ta 2019 giram 257 ce kacal, tana shiga aljihun wando, amma sensarta irin ta manyan kyamarori ce. Gilashinta ɗaya tak, 28, f/2.8, ba ya zuƙe ko kaɗan. 'Yar'uwarta GR IIIx ta 2021 tana kan 40. Fujifilm X100VI ta 2024 tana kan 35, f/2, megafiksel 40, da tagar leƙe mai daɗin amfani, sai dai nauyinta ya haura giram 500 kuma ta fi ƙarfin aljihu, sai jaka ko rataya.

Hotonsu ya fi na duk waɗanda na lissafa, babu tantama. Amma ba na ba mai farawa shawarar ya soma da su sai idan ya riga ya san kansa. Idan abu yana nesa, ƙafarka ce zuƙenka, inda ƙafa ba ta zuwa kuwa ka haƙura. Wanda ya duba wayarsa ya ga kusan duk hotunan da yake so da babban gilashinta ya ɗauke su, tituna, kasuwa, mutane a cikin muhallinsu, bai taɓa damuwa da janyo nesa ba, shi zai ji daɗinsu. Wanda hoton tsuntsu ne ya ɓata masa rai, waɗannan ba za su ƙara masa komai ba.

Mai jure wahala

OM System Tough TG-7 ta 2023, magajiyar Olympus TG-6, an ƙera ta ta shiga ruwa har zurfin mita 15, ta faɗo daga mita 2.1, ta yi aiki a sanyin da ya kai 10 ƙasa da sifiri. Sensarta ƙarama ce, megafiksel 12, zuƙe daga 25 zuwa 100. A ingancin hoto zalla ba za ta burge mai waya mai kyau ba. Amma gilashinta ba ya fitowa waje, ƙura da yashi ba su da hanyar shiga, kuma tana iya saita abu daga tazarar santimita 1, ka ga idon ƙwaro ko zaren tufa kamar a madubin likita. Mai aikin gini, mai aikin gona, mai iyo, da wanda zai miƙa wa yaro kyamara hankali kwance, wannan ce tasu. Abin da take buƙata a wurinka shi ne ka duba robar murfin batir kafin ta shiga ruwa, ko silin gashi ɗaya a kai ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, kuma ka ɗauraye ta da ruwa mai daɗi idan ta fito daga teku.

Tsofaffin na hannu

Kwanakin nan matasa sun koma neman ƙananan kyamarorin shekarun 2005 zuwa 2012, saboda launinsu da hasken filasharsu. Na fahimci abin da ke jan su. Filashar kyamara walƙiya ce ta gaske, tana fita a cikin ɗan lokacin da ya fi ƙiftawar ido gajarta, ta daskarar da motsi, ba kamar 'yar fitilar waya ba. Idan wannan kamannin kake so, ka saya da saninka. Idan kuwa fatanka hoto ya fi na waya tsafta, ba nan ba ne.

Kafin ka biya, ka kunna ta ka kashe sau da yawa kana kallon gilashin yana fita yana komawa. Idan yana tsayawa ko yana ƙara kamar akwai tsakuwa a ciki, ka bar ta, domin wannan shi ne ciwon ajalin ƙananan kyamarori kuma gyaransa yakan fi ƙarfin darajarsu. Ka ɗauki farin bango ko sararin sama a zuƙe, ka duba ko akwai baƙin tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto; ƙura ce a kan sensa, kuma a irin wannan kyamara ba ka da hanyar kai hannu wurin. Ka tabbatar ana samun batirinta da cajarta. Ka kuma duba katin da take ci: wasu tsofaffin Olympus da Fujifilm katin xD suke amfani da shi, wasu na Sony Memory Stick, waɗanda suka girmi 2006 kuma da yawansu ba sa karanta katin SD da ya wuce gigabait 2.

Ƙananan abubuwan da ke raba gardama

Idan biyu sun tsaya maka a rai, batir ba zai raba su sosai ba, domin duk ƙanana ne. A ma'aunin da kamfanonin suka amince da shi, GR III hoto wajen 200 take ɗauka a caji ɗaya, G7 X Mark III wajen 235, RX100 ta bakwai wajen 260. Duk wadda ka zaɓa, ka sayi batir na biyu rana ɗaya da ita. Ka duba ko tana caji ta wayar USB, don ka iya ciyar da ita daga ma'ajiyar wuta a kan hanya.

Ka duba ko tana ajiye hoton da ake kira RAW, wato ɗanyen abin da sensa ta gani kafin kyamara ta dafa shi ya zama JPEG. Masu inci ɗaya da APS-C da TG-7 duk suna yi, SX740 HS ba ta yi. Ba lallai ka buƙace shi a watan farko ba, amma ranar da ka fara gyaran hoto, shi ne zai ba ka damar ceto fuskar da ta yi duhu ko sararin da ya ƙone.

Sannan ka riƙe ta a hannunka idan da hali. RX100 jikinta sumul ne, tana zamewa, maɓallanta ƙanana. Mai manyan yatsu yakan sha fama. G7 X tana da ɗan tudun riƙo da allon taɓawa mai sauƙin fahimta. Kyamarar da ba ta yi wa hannunka daɗi ba a gida za ka riƙa barin ta.

Ni dai, idan aka ce in zaɓa wa mutumin da ban san komai game da shi ba sai cewa yana son ya koyi hoto, mai inci ɗaya da gilashin f/1.8 zan ba shi. Tana aiki dare da rana, tana da duk saitin da babbar kyamara ke da shi, kuma abin da ya koya a kanta zai bi shi duk inda ya je. Mai dogon zuƙe sai ga wanda nisa ne matsalarsa kuma da rana yake fita. Ƙaramar kyamara mai ƙaramar sensa da gajeren zuƙe, wadda ba ta shiga ruwa ba ta kuma janyo nesa, ita ce kaɗai zan ce ka bar kuɗinka a aljihu idan wayarka mai kyau ce.

Makon farko

Ranar da ta iso, ka fara ɗaura mata igiyar hannu kafin komai. Faɗuwa ɗaya gilashi a waje ta isa. Ka cika batir, ka saita kwanan wata da lokaci, ka sa kati ka goge shi daga cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba. Katin SD na gigabait 64 ya wadatar, idan kuma za ka yi bidiyon 4K ka nemi mai alamar V30 ko U3, wanda ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa. Ka shiga saiti ka kashe zuƙen dijital, domin shi yanka hoto ne kawai irin na waya.

Ka koyi danna maɓalli rabi. Ka danna a hankali har ka ji ya ɗan tsaya, kyamara ta saita, akwatin ya koma kore a kan idon wanda kake ɗauka, sannan ka ƙarasa ba tare da fizga ba. Da yawa daga hotunan masu farawa da ke lalacewa, a nan suke lalacewa. Hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari.

Bayan kwana biyu a kan saitin da kyamara ke yin komai da kanta, ka juya saitin zuwa P, inda kyamara ke auna haske amma ta bar maka damar gyarawa. A nan za ka samu maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, wanda a wurina shi ne mafi amfani a jikin kyamara. Mutum yana tsaye taga na bayansa, fuska ta yi baƙi, ka ƙara 1. Faɗuwar rana ta fito fari fat, ka rage 1. Daga nan ka gwada S, wanda Canon ke rubutawa Tv, inda kai ke zaɓar saurin ƙyauren da ke buɗe wa haske ya rufe. Yaro mai tsalle yana son 1/500 na daƙiƙa, mai zaune 1/125 ya ishe shi. Sai A, ko Av, inda kake zaɓar faɗin kafa: ƙaramar lamba don bayan mutum ya yi laushi, wajen f/4 ko f/5.6 idan jama'a ne a jere gaba da baya. ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske idan wuri ya yi duhu, ka bar shi a hannun kyamara amma ka sa masa iyaka, wajen 800 a ƙaramar sensa, 3200 a mai inci ɗaya, don kada yashi ya cinye fuska. Filasha kuma mita uku zuwa huɗu take kaiwa; a babban fili ko zauren taro, kan wanda ke gabanka kawai za ta haska, gara ka kashe ta.

Kafin makon ya ƙare, musamman idan inda ka saya suna karɓar mayarwa, ka koma kan hotuna biyar ɗin nan da suka ɓata maka rai a waya. Ka sake ɗaukar irinsu da sabuwar kyamarar, a irin wurin, a irin hasken. Kada ka yi hukunci da ɗan allon bayanta, komai kyau yake yi a can. Ka tura su kwamfuta ko babban allo, ka jera kowanne kusa da na wayar, ka buɗa har ƙarshe ka duba idon mutumin da gefen gashinsa.